Maganin Ciwon Damuwa da Zuciya: Tambayoyinku da Amsoshin Likita

Wani ɗalibin harhaɗa magunguna daga Wad Madani a ƙasar Sudan: Likita, me ya sa ake gwada magungunan ciwon damuwa a kan karnuka, ba a tsaya ga ɓeraye ba?

Ɗana, zuciyar ɓera tana bugawa sau 300 zuwa 400 a minti, kuma ba ta dogara sosai da ƙofar fotasiyam da ake kira hERG ba, wadda zuciyar mutum ke amfani da ita ta daidaita bayan kowane bugu. Don haka maganin da ke tsawaita tazarar QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta sake daidaita a awon lantarkin zuciya (ECG), zai iya wucewa a jikin ɓera ba a lura ba. Kare da zomo sun fi kusa da mu a nan. A gwajin citalopram, wani maganin ciwon damuwa, wasu karnuka sun mutu farat ɗaya, aka danganta abin da wani sinadari da hanta ke juya maganin zuwa gare shi, wanda ya fi taruwa a jinin kare fiye da na mutum. A 2011 hukumar FDA ta Amurka ta taƙaita shan citalopram a miligiram 40 a rana. Wanda ya haura shekara 60 kuwa, 20 ne iyakarsa. Amitriptyline, shi ma maganin ciwon damuwa, tasa hanyar daban ce: ƙofar sodiyam yake toshewa, QRS, wato alamar matsewar zuciya a awon ECG, ya faɗaɗa.

Wata baiwar Allah daga Mai Wurno: Mahaifina yana shan amitriptyline da dare, idan ya tashi sallar asuba sai jiri ya ɗebe shi.

Hajiya, maganin yana hana jijiyoyin jini tsukewa idan mutum ya miƙe, sai jini ya yi ƙasa, kai ya rasa. Baba ya riƙa zama a bakin gado minti biyu, yana motsa ƙafafu, kafin ya nufi buta. A auna masa hawan jini yana kwance, sannan bayan minti ɗaya da minti uku a tsaye. Idan lambar sama ta faɗi da 20, a koma wa likitansa. Maganin yana kuma rage zufa, abin lura ne a zafinmu na bazara. In ya taɓa samun bugun zuciya, a yi wa likita maganar sertraline, wani maganin ciwon damuwa wanda aka gwada a 2002 kan masu ciwon zuciya 369 bai nuna illa gare ta ba. Kada ya daina shan amitriptyline kwatsam. Ina roƙonki ki kulle ƙwayoyin, domin kaɗan daga cikinsu suna iya kashe ƙaramin yaro.

Wani manomi daga Gadarif: Ina shan citalopram, ga maleriya ta kama ni, an rubuta mini kwinin.

Malam, koma ka gaya wa wanda ya rubuta maka kafin ka sha. Dukansu biyu suna tsawaita QT, amai da gudawa kuma suna zubar da fotasiyam, haɗari ya ƙaru. Ka nemi awon ECG, wanda ake ce wa rasmul ƙalbi a asibitocinmu. Idan QT ya haura milisakan 500, ko ka ji zuciya na fat-fat da duhun gani, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.