An ba ni shugabancin CSI, amma ma'aikata sun yi sanyi

Ƙanena, ka ce an naɗa ka shugaban wata CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, a wajen Mirriya, ma'aikatanka ba sa zuwa kan lokaci, kana tambaya ko ka fara rubuta su zuwa sama. Ni dai ina roƙonka, dakata tukuna.

Wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, Frederick Herzberg, ya raba abubuwan da ke shafar himmar ma'aikaci gida biyu a 1959. Akwai abubuwan da rashinsu ke kashe gwiwa: albashi, kayan aiki, wurin kwanan mai aikin dare. Samunsu yana rage ƙorafi ne kawai. Abin da ke sa mutum himma daban ne: a yaba masa, a damƙa masa amana.

Albashi ba ya hannunka, haka ma kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka mayar kyauta tun 2006, wanda gwamnati kan makara wajen biyansa. Amma jadawalin aikin dare naka ne, kuma nan rigima ke ɓuya. Na yi aiki da wata ungozoma a Damagaram da ta karɓi haihuwa uku a dare guda da fitilar salula a bakinta, da safe shugaba ya tambaye ta rajista kawai. Har yau abin yana cin raina.

Rubuta jadawalin a bango, sa sunanka a ciki. Da damina, in zazzaɓin cizon sauro ya cika baranda da uwaye, riga kowa zuwa. Wanda ya makara kuwa, ja shi gefe ka ji dalilinsa, kada a gaban marasa lafiya. In bayan wata biyu bai canza ba, sai ka rubuta.