Kawu, ga yadda muke zaune da 'yan Hindu a Lesta

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaye ni yadda Musulmi yake iya haɗa katanga da mutanen da ke girmama saniya, da kuma ko gaskiya ne an taɓa rikici a garinmu Lesta da ke Ingila. An yi, ba zan ɓoye maka ba.

A ƙarshen Agustan 2022 Indiya ta doke Pakistan a wasan kurket a Dubai, matasa magoya bayan Indiya suka fito murna a unguwar Belgrave da ke nan Lesta, cacar baki ta koma dambe. Wutar ta yi ta ci a ƙarƙashin ƙasa har ranar 17 ga Satumba, da samarin Hindu, da yawansu fuska a rufe, suka yi jerin gwano ta titin Green Lane inda Musulmi suka fi yawa. Namu suka fito, wani ya hau ya cizge tutar gidan ibadarsu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙaryar waya. Aka baza cewa an so sace wata yarinya Musulma, 'yan sanda suka bincika suka ce babu wannan magana. Mu da muka ga Kaduna a 2000 mun san inda "an ce" take kai mutane, shi ya sa dattawanmu suka hana kowa tura bidiyo a zaurenmu na WhatsApp sai an tabbatar da shi.

Kwana uku bayan jerin gwanon shugabannin ɓangarorin biyu suka tsaya tare a ƙofar masallaci, wani jagoran Hindu ya karanta sanarwarsu ta neman zaman lafiya. Ban yi mamaki ba. Yawancin tsofaffin ɓangarorin biyu yarensu ɗaya ne, Gujaratanci, wani yaren Indiya, wasu ma Idi Amin ne ya koro su tare daga Yuganda a 1972, Hindu da Musulmi, kowa da akwatinsa ɗaya.

Mu Hausawa 'yan kaɗan ne, don haka namu sulhun a bakin ƙofa yake. Maƙwabcina ɗan Hindu ne. Lokacin Diwali, bikinsu na fitilu, matarsa kan kawo mana kayan zaƙi. Tun shekarar farko na faɗa masa cikin ladabi cewa abin da aka miƙa wa abin bautarsu ba ma ci. Bai ji haushi ba, tun daga nan take ware mana namu kafin a kai wurin ibada. Ni kuma ranar Babbar Sallah ba na aika musu nama, don ko ƙwai ba sa ci. Dabino da alkaki muke kai musu.

Na san abin da ke ranka, Kawu, kada zumunci ya ci aƙida. Bai ci ba. Ya taɓa tambayata ko ina ganin hanyarsa daidai ce, na ce a'a, Allah ɗaya ne ba shi da siffar da za a sassaƙa. Shi ma ya yi min nasa bayanin, na saurara har ya gama. Zagin abin bautarsa ne ba na yi, tunda Allah ya hana mu, kuma yarana sun san duk wanda na ji yana kiran 'ya'yansa da sunan raini zai gamu da ni.

A makon rikicin nan, shi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da dare ya ce in matsar da motata cikin harabarsa, kada a fasa min gilashi. Ka gaida Inna da yara.