Auto ko 4H? Je ka fara duba tayoyin nan huɗu

Saƙonka ya shigo bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, har na kwanta. Da wata tambaya ce daban da na bar ta sai da safe, amma wannan ta hana ni runtsawa. Ka ce: "Maigida, mai a-kori-kurar Ford F-150 ɗin nan da muka canja wa birki ya tambaye ni, tunda dusar ƙanƙara ta fara sauka, ya bar makunnin giyar taimako a Auto har hunturu ya wuce, ko ya murɗa shi zuwa 4H ya huta? Na ce masa duk ɗaya ne. Na yi daidai?"

Ba ka yi daidai ba. Abin da ma ya fi ɓata min rai shi ne ka ba kwastoma amsa da sunan garejina alhali ba ka sani ba. "Bari in tambayi Oga" ba ta taɓa rage wa yaro daraja ba. Gobe da sassafe za ka kira mutumin nan ka warware maganarka, kafin ya hau babbar hanyar I-94 da motar.

4H shi ne giyar taimakon da muka sani tun a gida, irin ta Hilux da tsohuwar Land Cruiser. Tiransfa, wato ƙaramin giyabos ɗin nan da ke manne a bayan babban, yana ɗaure farfelar gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyi, su zama abu guda. Babu mai wuce wani ko da rabin zagaye. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya cin hanya, dole su fi su juyawa. A cikin yashi ko taɓo ko dusa mai kauri, taya sai ta ɗan zame ta fitar da bambancin, babu wanda ya ji. A busasshiyar kwalta babu inda za ta zame, sai ƙarfe ya ɗauka. Shi ne za ka ji sitiyari ya yi tauri, mota tana tsalle-tsalle in an karya kwana a wurin fakin, sarƙar cikin tiransfa tana miƙewa, shaf ɗin gaba yana kuka. Titunan Minneapolis ɗinmu na nan Amurka kuma ka gan su: motar gwamnati ta share ta watsa gishiri, nan kwalta baƙa ƙirin, gaba kaɗan kan gada ƙanƙara kamar gilashi. Wanda ya bar 4H wata huɗu a irin wannan hanya, kuɗinsa yake niƙawa.

Saboda irin wannan hanyar aka yi Auto. A cikin tiransfarsa akwai faifan kuloci jere a cikin mai, da sensa da ke ƙirga juyin gaba da na baya, da wani ɗan inji na lantarki mai matse kulocin. Mota tana tafiya da ƙarfin baya, kwamfuta na lura. Da ta ga baya ya fi gaba gudu, ta san an zame, sai ta matse ta tura ƙarfi gaba, in an wuce wurin ta sassauta. Kamfanin GM ya daɗe da nasa, Autotrac, yana cikin a-kori-kurarsa Silverado tun ƙirar 1999. Ford ta sa wa F-150 daga samfurin Lariat zuwa sama a ƙirar 2012. Mutuminka in hanyarsa daga gida zuwa wurin aiki ce, ya bar ta a Auto ranar da hanya ta ɓaci, ya mayar 2H, wato ƙarfin baya kaɗai, ranar da ta bushe, don a Auto aksul ɗin gaba yana juyawa yana shan mai a banza. 4H sai ya shiga lungun da ba a share ba. Yadda ake shiga 4L, giyar taimakon tafiyar hawainiya mai ƙarfin ja, ba zan ɓata yawuna a kai ba, yana rubuce a littafin motar.

Amma kuloci kuloci ne. Abin da yake aiki da gogayya, zafi ne ajalinsa. Ka san faifan nan shida da ke rataye a ƙusa saman teburin aiki, waɗanda ka taɓa cewa in ba ka ka kai bola na daka maka tsawa? Yau za ka ji labarinsu.

Ƙarshen Janairun 2019 sanyi ya kai digiri 33 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyos a garin nan, har man giya ya koma kamar ƙullun koko. Fabrairu na shigowa sai dusa ta ɓalle, inci 39 a wata ɗaya, ba a taɓa ganin Fabrairu irinta ba a nan. Duk mai a-kori-kura da garmar ture dusa a gaba ya samu kasuwa, suna share wuraren fakin na shaguna dare da rana. A cikin satin farko wani ɗan gida ya zo min, mutumin da muke sahu ɗaya ranar Juma'a, na ci tuwon sunan ɗansa. Silverado 1500 ce ƙirar 2004, da garma a gabanta. Ya ce gaba ya daina ja, fitilar gargaɗi ta kama.

Ban ko jona na'ura ba. Na kwance noti na tara yatsa. Man wannan tiransfar, NP246, shuɗi ne, Auto-Trak II, ba a zuba masa wani. Abin da ya fito baƙi ne wuluk, yana ƙauri kamar tuwon da ya kama gindin tukunya. Na ce masa, "Malam, a Auto kake tura dusa." Ya ce eh, ai an ce masa ita da kanta take sanin abin da ya dace. Na zaunar da shi na yi masa bayani: mai tura garma kowane daƙiƙa baya yana zamewa, kuloci ya kama ya saki, ya kama ya saki, sau ɗaruruwa a fili ɗaya. A 4H ana matse shi gaba ɗaya ya zauna, babu gogayya, babu zafi.

Sannan na zagaya motar, kamar yadda nake yi wa kowace mota, sai na ga babbar cutar. Tayoyin gaba 265/75R16, sababbi. Na baya 245/75R16, sun sha jiki. Tsakaninsu fiye da inci ɗaya a tsayi. In na gaba sun juya sau 100, na baya sun kusa 104. Kwamfuta ba ta da ido, lissafi kawai take gani, kuma lissafin yana gaya mata baya yana zamewa ko da a miƙaƙƙiyar busasshiyar kwalta ne. Tun daga ƙofar gidansa take matse kuloci har ya dawo. Na kama hannunsa na ɗora a kan lambar taya, na ce in bai daidaita huɗun nan ba, ko daga kamfani aka kawo sabon tiransfa zai ƙone. Ya ce wallahi ƙarshen wata in an biya shi zai saya, yanzu dai in taimaka, kwangila za ta kuɓuce masa.

Na ture motoci uku na mutanen da suka riga shi. Kwana biyu ina kai, dare na biyu sai ƙarfe ɗaya na rufe gareji, yatsuna ba sa jin sifana. Sabon kuloci, sabuwar sarƙa, boris, sil, komai. Wannan tiransfar tana da wata cuta da duk mai sana'a ya sani: famfon mai yana goga jikin akwatin ta ciki har ya huda shi, mai ya tsiyaye ba a sani ba. Na sa masa farantin da ke hana wannan, ban ƙara masa ko sisi ba, don ɗan gida ne. Dala 1,850 na ce, kuɗin kaya sun cinye fiye da rabi. Ya biya da kati. A rasit na rubuta gyaran tiransfa, garantin wata shida. Maganar taya da maganar garma ban rubuta ba. A Kano, inda na koyi aiki, mutum in ya ce maka wallahi a gaban jama'a magana ta ƙare, kuma da wannan tarbiyyar na zo ƙasar nan.

Kwana goma sha tara sai ga motar a bayan motar ja. Ya sauko yana faɗa tun daga bakin titi, wai na saka masa tsofaffin kaya na karɓi kuɗin sababbi. Na duba tayoyi: huɗu iri ɗaya, lamba ɗaya. Ya ce, "Ga su nan, tun washegarin da ka faɗa na canja." Na durƙusa. Jikin motar fari fat da gishiri har madubi, ƙarƙashinta dusa ta daskare curi-curi, amma rim huɗun nan tas, kamar daga ɗaki aka fito da su. Kan notocin kuwa sabon sawun sifana yana ƙyalli, ko tsatsar kwana ɗaya bai yi ba. A ƙasar da gishiri ke cin ƙarfe cikin sati! Da safen nan aka ɗaura su. Daga baya na ji daga bakin wanda ya gani cewa daga motar surukinsa ya kwanto su, ya mayar da yamma.

Na buɗe tiransfar a gabansa. Faifan da na saka da hannuna, da na jiƙa a mai kafin in jera su, sun koma shuɗi-baƙi, biyu sun lanƙwashe kamar faranti a wuta. Na nuna masa kwalin da suka zo a ciki da takardar shagon da na saya. Ya ce shi bai san wannan ba.

Bai tsaya nan ba. Ya kai ƙara bankinsa cewa an yi masa aikin banza. Banki ya rubuto min yana neman takarda. Me zan tura? Rasit mai cewa garantin wata shida, da hannuna. Ba su san wallahi ba, ba su san sahun Juma'a ba. Suka zare kuɗin daga asusuna gaba ɗaya. Kayana sun tafi, kwana biyuna sun tafi, cikin mutum ukun da na ture ɗaya bai sake dawowa ba. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci min rai, ya bi gari yana cewa ina saka wa mutane kayan bola, ni da na shekara talatin da wani abu ban taɓa wanke tsohon boris na sayar a matsayin sabo ba. Dattawa suka zaunar da mu bayan sallah, suka ce in yi haƙuri, zumunci ya fi dala. Na yi shiru don girmansu. Har yau bai ce min yi haƙuri ba, kuma har yau in na hango shi sai in canja sahu.

Shi ya sa "duk ɗaya ne" ɗinka ta tayar min da hankali. Ku yaran yanzu kun ɗauka sana'a a cikin na'urar karanta lamba take. A jona, a karanta, a buɗe YouTube, a canja abin da aka ce. Da kai ne a ranar, da ka canja ɗan injin lantarkin ka sallame shi, don shi na'ura za ta nuna maka. Babu na'urar da za ta ce maka tayar baya ta fi ta gaba ƙanƙanta. Ni shekara biyu na yi ina wanke kaya a kananzir, ana aikena Ƙofar Ruwa a ƙafa, kafin maigidana ya bar ni in kwance giyabos. A wannan wankin na koyi bambanta ƙarfen da ya mutu da tsufa da wanda zafi ya kashe. Kai wata takwas ka yi, har ka fara yanke wa kwastoma hukunci.

In ra'ayina kake so, motata mai liba ce a ƙasa, babu Auto, kuma ba zan canja ta ba, don na san lokacin sawa da lokacin cirewa, abin lalacewa kuma kaɗan ne a cikinta. Masu Tacoma da Tundra da yawa haka suke hunturu bayan hunturu lafiya lau. Amma mutumin da ba zai tuna ya cire ba, ko wanda iyalinsa ke tuƙa motar, Auto ya fi masa. Ka kuma gaya masa, daga Auto har 4H babu mai tsayar da mota. Taimakon tashi suke yi. In aka zo birki a kan ƙanƙara, shi da mai ƙaramar Corolla tayoyi huɗu kowa yake da su, shi ma ya fi nauyi. Je ka duba ramin gefen babbar hanya safiyar dusar farko ka ga su wa suka fi yawa a ciki. Ya sayi tayoyin hunturu masu tambarin dutse da ƙwayar dusa a gefe, huɗu, ba biyu ba. Roban tayar bazara yana fara tauri da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. A Kubek ta Kanada ma doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ya jefa buhunan yashi a bodi daidai kan aksul ɗin baya ya ɗaure su, don a-kori-kura ba kaya bayanta ba nauyi.

Da ka kira shi, ka ce ya biyo da motar, ba za mu caje shi ba. Ka karanta lambar tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ka auna iskarsu da sanyin safiya, ka zagaya kowacce da tef ka rubuta. Abin da ka samu da abin da ka gaya masa duk su hau kan takardar aiki, ya sa hannu a ƙasa, ka ɗauki hoton tayoyin da wayar nan taka. Ko ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, haka za a yi masa. Ƙarfe bakwai nake buɗewa, in same ka a bakin ƙofa.