Yajin aiki ya hana ni tashi, ejan ya ce babu diyya

Tambaya: Barista, saura kwana biyu in tashi daga Abuja zuwa Turai wajen wani baje koli, sai kamfanin jirgin, wanda na Turawa ne, ya turo saƙo cewa an soke tafiyar saboda yajin aiki. Na yanki wani tikiti mai tsada a wani kamfani, duk da haka na isa ana shirin watsewa. Ejan ɗina ya ce kuɗin tikitina kaɗai zan samu. Ni kuwa so nake in maka su a kotu su biya ni cinikin da na rasa. Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Tikitin da saƙon ba sa gabana, don haka maganata ta tsaya ne a kan iya abin da ka rubuto.

Ejan ɗinka ya yi saurin yanke hukunci, amma kai ma ka ɗora buri inda ba ya nan, kuma naka ne zai fi ci maka kuɗi. Da wuya kotu ta ɗora wa kamfanin jirgi ribar da kake hasashen samu. Tafiyar ƙasa da ƙasa tana ƙarƙashin Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Najeriya ta shigar cikin dokarta ta sufurin jiragen sama. Ta yarda a biya asarar da jinkiri ya jawo, amma ta yi wa kuɗin iyaka, kuma sai ka kawo takarda: rasit ɗin otal da ka biya ba ka kwana ba, kuɗin rumfa, kuɗin shiga. "Da na isa da wuri da na sayar" ba shaida ba ce. Kamfanin yana da mafita idan ya nuna ya yi duk abin da ya kamata, kuma akwai saɓani kan ko soke tafiya ɗungurum ya shiga ma'anar jinkiri. Wa'adin shigar da ƙara shekara 2 ne.

Inda ejan ya yi kuskure, a ganina, shi ne dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004. Tana aiki a kan jirgin da ya taso daga waje zuwa cikin Tarayyar muddin kamfanin na can ne. Idan an soke tafiya ba tare da sanarwar kwana 14 ba, kuma nisan ya wuce kilomita 3,500, diyyar Yuro 600 ce, ko da yake ana iya raba ta biyu idan sun sa ka a wani jirgi ka isa kusa da lokacinka. Birtaniya tana da makamanciyarta, Fam 520.

Sai dai komai ya rataya a kan tambayar da ba ka amsa ba: su wane ne suka yi yajin? Idan matuƙan kamfanin ne ko masu hidima cikin jirginsa, Kotun Tarayyar Turai ta riga ta yi magana. A Maris 2021, a shari'ar da ta taso daga yajin matuƙan kamfanin jirgin SAS na 2019, ta ce rikicin albashi tsakanin kamfani da ma'aikatansa ba ya cikin abubuwan da suka fi ƙarfinsa, wato ba zai fake da shi ya ƙi biyan diyya ba. A 2018 ma ta faɗi kusan haka a kan kamfanin jirgin TUIfly na Jamus, inda ma'aikata suka ƙi zuwa aiki da sunan rashin lafiya. Kamfanoni sun san waɗannan hukunce-hukunce sarai, amma amsarsu ta farko takan zama "abin ya fi ƙarfinmu", don sun san yawancin fasinjoji a nan suke haƙura.

Idan kuwa na waje ne suka yi yajin, kamar masu kula da zirga-zirgar jirage ta Faransa, ko ma'aikatan NAHCO, kamfanin da ke yi wa jirage hidimar kaya a ƙasa, da suka tsayar da aiki a filin jirgin Legas a Janairun 2023, to mai yiwuwa Yuro 600 ɗin ta faɗi. Duk da haka zaɓi tsakanin mayar da kuɗi cikin kwana 7 da sauya maka jirgi yana nan daram.

Tikiti na biyu shi ne wurin da nake jin tsoro. In sun ba ka wani jirgi ka ƙi, ko ka danna maɓallin mayar da kuɗi kafin ka sayi sabon, za su ce nauyin kai ka ya sauka daga kansu, kuma ba za su rasa hujja ba. In ba su ba ka komai ba, akwai damar neman bambancin farashin. Ba su da ikon ba ka takardar bashin tafiya (voucher) a madadin kuɗi sai da yardarka.

Ni dai ba zan ce ka fara da kotu ba. Shari'ar jiragen sama galibi Babbar Kotun Tarayya take zuwa, takan ɗauki shekaru, kuɗin lauya zai iya cinye abin da kake nema, sannan tilasta dokar Turai a kotun Najeriya wani aiki ne daban. Abin da ya fi kotu matsa wa kamfani lamba shi ne sunansa. Yajin matuƙan British Airways na ranakun 9 da 10 ga Satumba 2019 ya sa an soke kusan duk tashinsa, wajen 1,700. Na Kenya Airways a Nuwamban 2022 sai da kotu ta ba da umarni kafin a koma aiki. Kamfanin da ya fito daga irin wannan yana lallashin kwastoma ne, don haka koke mai cikakkun takardu yakan samu sasanci. Amma ban da zuwa Facebook a kira su ɓarayi, kar mai neman diyya ya koma wanda ake ƙara kan ɓata suna.

Sauran sananne ne: ka rubuta wa kamfanin kai tsaye, ba ta hannun ejan ba, ka haɗa lambar tikiti da rasit, ka ambaci dokar. In sun yi shiru ko sun ƙi, sai sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ko masu sasanci na ƙasar kamfanin. Kafin nan, turo min saƙon sokewar in ga layin da ya ambaci masu yajin da ranar da aka aiko shi.