Yaya, ga inda "dafa sabulu" ya samo asali

Yaya barka da dare, na ji saƙonka tun jiya ina hanyar wurin aiki, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a cikin taragon lantarki har wata tsohuwa ta juyo tana kallona. Wai da ka ji na ce wa yaron nan "ka dafa sabulu" ka ɗauka sana'a muka koma a Riga, babban birnin Latbiya, har kana cewa in aiko maka katan ɗaya ka gwada a kasuwar Kurmi. To ba sana'a ba ce, karin magana ce ta mutanen Latbiya da muka ɗauko muka mayar Hausa, mu kaɗai muke gane ta a nan.

Su suna cewa savārīt ziepes. Ziepes shi ne sabulu, savārīt kuma dafawa. In mutum ya kwafsa kwafsawar da za ta jawo rigima sai a ce ya dafa sabulu, irin dai yadda muke cewa wane ya ɓallo ruwa ko ya jiƙa mana aiki. Wani lokacin ma ba sa kawo dafawar, kawai ka ji an ce "nu būs ziepes", wato to yanzu fa za a yi sabulu, ma'ana ta kwaɓe. A ƙauyukansu da can a gida ake dafa sabulu da kitse da ruwan toka, kusan irin namu na salo, ka san aikin nan in hannu ya kuskure ga wari ga kumfa ga asarar kitse, ni dai duk sanda na ji maganar tukunyar nake hangowa.

Yadda na koye ta kuwa abin kunya ne. Shekarata ta biyu kenan, akwai wata dattijuwa maƙwabciyata da ke taimakona da takardun kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki don lokacin ko "paldies", wato na gode, da ƙyar nake faɗa. Su nan ban da ranar haihuwa suna da ranar suna, kusan kowane suna nasu da ranarsa a kalanda, kuma suna ɗaukarta da muhimmanci sosai. Da ranar sunanta ta zo na tafi babbar kasuwar Riga, wadda take cikin tsofaffin rumfunan jiragen zefelin, jiragen saman da masu kama da ƙaton balan-balan, aka buɗe ta 1930, na zaɓo furanni guda 6 masu kyau ina ta jin kaina. Na ƙwanƙwasa, ta buɗe, na tsaya a dokin ƙofa na miƙa mata hannu ta tsallaken ƙofar, ga furanni a ɗaya hannun. Yaya matar nan ba ta ce komai ba, ta dai karɓa ta zare ɗaya ta ajiye gefe. Sai jikarta da muke ɗan wasa da ita ta raɗa min "nu tu savārīji ziepes". Ni kuma na san ziepes daga kanti, na shiga shinshina rigata ko warin sabulu nake. Ashe furanni masu adadin da ya rabu biyu daidai, 2, 4, 6, makabarta ake kai su, mai rai sai 3 ko 5 ko 7, kuma ba a musabaha a tsallaken ƙofa. Laifi biyu a minti ɗaya.

Amma fa ba kowane kuskure ne sabulu ba, nan ne sabbin zuwa suke rikicewa. In ka yi kuskuren lissafi ko ka ba da amsar da ba ita ba, cewa za su yi iebraukt auzās, ka kutsa da keken dokinka cikin gonar auzas, hatsin nan da ake yin Quaker da shi. Wannan kai kaɗai ka saki hanya, a yi dariya a wuce. Sabulu sai abin ya taɓa wani. Akwai kuma ta kunu, putra suke ce masa, wanda ya dama shi ne zai shanye abinsa, wannan kam da na ji sai na ce ai Bahaushe ya riga ku, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Ka tambaya ko muna jin yarensu ko Turanci muke ta fama. Gaskiya mu nan ba mu da yawa, yawanci ɗalibai ne sai mu 'yan ƙalilan da muka zauna, ƙasar ma gaba ɗaya ba ta kai mutum miliyan 2 ba, Kano ta shanye ta. Yaren ba Rashanci ba ne ko kaɗan duk da akwai masu jin Rashanci da yawa a Riga, danginsa ɗaya da ya rage shi ne na Lituweniya, kuma in kana son takardar zama ta dindindin sai ka zauna jarrabawarsa. Ni abin da na lura, jarrabawa daban, irin waɗannan maganganun daban, ranar da ka jefa wa Balatbiye ziepes a inda ta dace ranar za ka ga haƙoransa.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne abin da ke biyo bayan sabulun. A gida in ka yi wa mutum laifi ka san hanya, a samo babba ya raka ka, a zauna, a yi ta Allah ya huci zuciyarka har ya ce ya wuce. Nan in ka kwaso mutum uku kuka tsaya a ƙofar maƙwabci tsorata shi za ku yi. Ba sa ɗaga murya, ba za ka ga fushin a fuska ba, amma an rubuta. Kai da kanka za ka je ka ce "atvainojiet", ka faɗi abin da ka ɓata, ka faɗi yadda za ka gyara da ranar da za ka gyara, shi kenan. Ni kaina da farko ganin rashin kara nake musu, yanzu kuwa na saba har in na zo gida ake cewa na cika gajen zance. Tsakaninmu dai har gobe yadda ka sani ne, in biyu sun saɓa bayan sallar Juma'a ake tsayar da su, wanda ya fi daɗewa ya sasanta.

Shi yaron da ka ji ina wa faɗa, watansa huɗu da zuwa, ya soya kifi da daddawa ɗakin ya ɗau wari, ya buɗe taga ya kashe abin ɗumama ɗaki ya tafi kwana biyu wurin abokinsa a tsakiyar Janairu. Bututu ya daskare ya fashe, ruwa ya sauka har kan gadon mutanen ƙasa. Ka ga shi ya haɗa duka biyun, ya dafa musu sabulu ya kuma ɓallo mana ruwa na gaske. Ya so mu raka shi mu biyar, na ce a'a, na rubuta masa kalmomin a takarda na tsaya masa a ƙasan bene. Kuɗin gyaran ne muka yi masa karo-karo, har yanzu da saura kaɗan. A gaida su Inna, ka ce mata man shanun ya iso lafiya.