Allurar tazarar haihuwa ba zubar da ciki ba ce

Malama, kin tambaya ko allurar tazarar haihuwa da likita ya shawarce ki bayan tiyata daidai take da zubar da ciki, kamar yadda maƙwabtanki a Kubwa suke faɗa. Ba ɗaya ba ne, domin allurar tana hana cikin shiga ne tun farko. Jabir ya ruwaito cewa Sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje lokacin saduwa, alhali Alƙur'ani yana sauka, shi ya sa malamai da dama suka halatta hutun haihuwa na ɗan lokaci idan miji da mata sun yarda. Zubar da ciki kuwa, Malikiyya ta tsananta a kansa tun kafin kwana 40, dokar Abuja ma ba ta yarda ba sai don ceton ran uwa. Ki je asibiti da maigida ya ji da kunnensa.