Amsa kan lof: kada ka yarda a danne audugar nan da katako

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce sanyi ya ishe ku a ɗakunan sama, kana so ka ƙara audugar hana sanyi a lof, wato sararin da ke tsakanin silin da rufi, amma can ne ma'ajiyar akwatuna da bakko, kuma wani ma'aikaci ya ce zai shimfiɗa audugar ya ɗora katako a kanta ya ɗaure, yini ɗaya an gama. Don Allah kada ka ba shi aikin a haka. Irinsa aka yi mana, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kaurin da ake so a nan Ingila milimita 270 ne. Katakan da ke riƙe da silin kuwa yawanci tsayinsu 100 ne, a tsofaffin gidaje ma wani lokaci 75. Kenan akwai 170 da dole ta ɗago sama da katakan. Ita audugar gilas iskar da ke maƙale cikinta ce ke tare zafi, in ka matse ta ka kori iskar. Ka biya kuɗin 270, ka tashi da aikin da bai wuce na 100 da wani abu ba. Sannan abin da aka danne daga sama ƙasa yake turawa, silin ɗin ɗakin kwana ya fara tsagewa, kawunan sukuru su riƙa leƙowa ta cikin fenti.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu irin wannan aiki sun san haka sarai. Sun san ba za ka hau da tocila ka duba ba. Su tura audugar har can ƙuryar da rufi ya sauko ya haɗu da bango, su toshe hanyar iska ruf, su karɓi kuɗinsu a watan Satumba lokacin da komai yake a bushe. Sai Janairu ta yi ka hau ɗauko wani abu, ka tarar shimfiɗar da ke ƙarƙashin tayil tana ɗigar ruwa, katakan rufi sun yi baƙi. Ka buɗe akwati ka ga shadda da leshi da atamfofin da aka yi shekaru ana tarawa sun yi fumfuna, farar shadda ta koma ɗige-ɗige, warin kuma ko an wanke sau nawa ba ya fita. Kayan da aka ɗauko tun daga gida, wasu na iyaye ne da suka rasu, ina za ka samo madadinsu? Ka kira shi, wayar ba ta shiga. In ta shiga ya ce ai rufinka ne ke yoyo. Ba yoyo ba ne wallahi, tururin gidan ne ya hau ya tarar da sanyi, ya rasa hanyar fita. Allah ya isa kawai.

Ga yadda ake yi. Shimfiɗar farko mai kaurin 100 tana shiga tsakanin katakan silin. Auna tazararsu tukuna, 400 ce ko 600, don naɗin audugar yana zuwa da tsaga daidai waɗannan. In akwai tsohuwar auduga kuma a bushe take, bar ta, ka cike inda ta yi ƙasa. Daga nan sai ƙafafun roba da ake ɗaurewa a kan katakan da sukuru, irin su Loft Leg, ana samunsu a shagunan B&Q da Wickes da Screwfix. Tsayinsu 175. Bayan ka kafa su sai ka shimfiɗa ta biyu mai 170 a gicciye, ta rufe katakan kansu, ka ɗan tsaga ta da wuƙa inda ƙafa za ta fito. Falankan lof masu kaurin 18, tsawo 1220, faɗi 320, masu harshe da rami a gefe, su za su hau kan ƙafafun, su ma a gicciye, kuma duk inda biyu suka haɗu ta kai ya kasance a kan ƙafa. Ka lura, 175 a kan 170 ɗan sarari kaɗan ya rage. In ka taɓa ganin alamar danshi a lof ɗinka, sayi dogayen ƙafafun masu 300 don iska ta riƙa wucewa ƙarƙashin falankan.

Kuma ba dole ne ka rufe ko'ina da katako ba. Tsakiya kawai, kusa da ƙofar hawa, inda mutum zai iya miƙewa. Gefe-gefe bar auduga tsirara, ka tsayar da ita kafin ta taɓa rufi, a samu kamar milimita 50 na iska. Akwai farantan roba masu arha da ake sakawa tsakanin katakan rufi don audugar kada ta zame ta toshe wurin.

Nauyi ma ka yi hattara. Gidajen da rufinsu ke da katakai masu kama da harafin W an tsara su ne su ɗauki kilo 25 a kowace murabba'in mita, da mutum ɗaya a tsaye. Akwati guda da aka cika don tafiya gida kilo 23 ne, ka ga ba wurin jibga uku a kan juna ba ne. Littattafai da manyan tukwanen biki ka rarraba su, ko su tsaya saitin bangon da ke ƙasa. Kada wanda ya yanke ko katako ɗaya daga W ɗin nan wai don a samu fili, su ke riƙe da rufin.

Tunda maganar macuta muke, in wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ko ya kira ka yana tallan kumfar da ake fesawa a cikin rufi, sallame shi. Kumfar tana rufe katakan, mai duba gida ba ya iya ganin halin da suke ciki, bankuna da yawa kuma suna ƙin ba da bashin gida a kan irin wannan rufi. Ranar da za ka sayar ko ka canza banki za ka ji jiki, cire ta kuma wani kuɗin ne mai yawa. Tsofaffi suka fi bi, abin babu tsoron Allah.

Wayoyin wuta: na shawa mai lantarki da na kukar girki suna jan wuta sosai, in aka binne su cikin auduga suna zafi, a ɗago su su kwanta a sama. In ba su kai ba kira mai gyaran wuta, kada ka ja da ƙarfi. Fitilun da ke nutse cikin silin a kifa musu murfinsu na musamman kafin auduga ta bi ta kai. In tankin ruwa yana can, kada ka sa auduga a ƙarƙashinsa, ɗumin da ke tasowa daga gida shi ke hana shi daskarewa. Ka sa masa riga, ka naɗe duk bututun da ke fili, don bayan aikin nan lof zai fi da sanyi, bututu na iya fashewa.

Ka leƙa bututun fankar banɗaki ka tabbata waje yake fita, ba a cikin lof aka yar da shi ba. Mu da tukunya ke daɗewa a wuta, ga shanya cikin gida duk hunturu, tururinmu ba kaɗan ba ne. Murfin ƙofar lof ma a manna masa allon hana sanyi irin na Kingspan a baya, a zagaye bakinsa da robar tare iska, ta nan yawancin tururin ke hawa. Kayan sawa kuma fitar da su daga kwali da bakko, a zuba cikin akwatunan roba masu murfi mai kamawa.

Sa takunkumi mai kyau, FFP3, da safar hannu da riga mai dogon hannu, audugar tana ƙaiƙayi sosai. Taka katako kawai, silin ba ya ɗaukar mutum. In ka tarar da wasu ƙananan duwatsu marasa nauyi masu ƙyalli an zuba tsakanin katakan, tsaya, kada ka share. Wani irinsu yana ɗauke da asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu, wanda sai 1999 aka gama hana shi a ƙasar nan, a gwada tukuna.

Ba ka faɗa ba ko gidan naka ne ko haya. In haya ne, sai da izinin mai gida a rubuce. In sabon gini ne mai garanti, karanta takardar kafin ka ɗaura sukuru ko ɗaya. Hau ka auno tsayin katakan da tazararsu, ka ɗauko hoton ƙuryar rufin ka turo, sai a lissafa maka yawan ƙafafu da naɗin da za ka saya.